Wayar Baba da Kwamfutar Auta

Tun da aka sallamo Baba daga asibiti, kujerar bakin taga ta zama tasa. A nan yake wuni, hannun dama a ajiye bisa matashi, ba ya ɗaguwa sai an ɗaga shi, hannun hagu kuma yana kan waya. Shekara da shekaru ya yi yana buga fiyano a gidan rediyo da ɗakunan taro, har mutane suka bar kiran sunansa suka koma ce masa Mai Fiyano. Yanzu fiyanon yana kusurwar falo, an lulluɓe shi da tsohon zanin gado, Mama ta ɗora kwandon kayan guga a kai.

Auta ce ta saka masa manhajar kiɗa a wayar, bayan likita ya ce ya riƙa motsa yatsu. Ita ce ƙaramar 'yarsa, kuma ita kaɗai ta gaji kunnensa. Aikinta a situdiyo yake, tana haɗa kiɗan tallace-tallace, na sabulu da na makarantun kuɗi da na maganin sauro. Da farko Baba ko kallon manhajar bai yi ba. Ya ce fiyanon da ya shiga aljihu ba fiyano ba ne. Amma da zaman ya ishe shi, sai ya fara ɗora wayar a kan faranti bisa gwiwa yana ɗan taɓawa, kuma a hankali wani kiɗa ya fito daga taɓawar. Kullum Auta ta dawo aiki sai ta tarar ya ƙaru da ɗan wani abu.

Wata safiyar Asabar ya kira ta.

"Auta, zo ki ji. Wannan abin sautinsa kamar na wasan yara. Ke da kike da fiyano iri-iri a cikin kwamfutarki, ba za ki ara mini ɗaya ba?"

"Zan ara maka mana, Baba. Kai za ka buga a waya, kwamfuta ta ɗauka, ta fito da shi da sautin babban fiyano. Kafin Mama ta gama shara mun gama."

Ta faɗi haka ne da gaske, don a wurin aiki abin ba ya cin lokaci. Ta ɗauko kwamfutar ta ajiye a teburin cin abinci, ta jona sifikoki biyu, ta buɗe manhajar haɗa kiɗa, ta kawo kebul. A nan aka fara samun matsala. Bakin cajar wayar Baba ya daɗe da saki, ba ta ma caji sai an jingina ta da kofi a karkace. Ana soka kebul, kwamfuta ta gan ta. Baba na danna maɓalli ɗaya, wayar ta motsa, kwamfuta ta rasa ta.

"Mu kai wa mai gyara ya canza bakin," in ji Auta.

"A'a. Wancan karon da aka kai masa, hotunan jikokina ya share, ya ce ba shi ba ne."

"To ka buga a tawa."

Ya karɓa ya gwada, ya miƙo mata. Tata ta yi masa ƙanƙanta, yatsa ɗaya yana danna maɓalli biyu. Ya ce shi dai tasa ya saba da ita.

"Shi ke nan," ta ce. "Za mu haɗa su ba tare da kebul ba. Ana yi."

Ta fara da bulutut. Ta kunna a waya, ta kunna a kwamfuta, kowacce ta shiga neman 'yar uwarta. Kwamfuta ta gano talabijin ɗin maƙwabta, ta gano agogon hannun wani da ke wucewa a titi, ta gano wani abu mai suna da lambobi zalla, amma ba ta gano wayar da ke gabanta ba. Auta ta kashe ta kunna. Sai wayar ta yi wata 'yar ƙara alamar ta haɗu da wani abu.

"Buga mu ji, Baba."

Ya buga. Sifikokin tebur ba su ce uffan ba. Can daga kicin sai ga sautin fiyano ya tashi da ƙarfi, sai kuma ƙarar murfin tukunya da ya faɗi ƙasa. Mama ta leƙo da ludayi a hannu, ɗaya hannun a ƙirji. Ashe wayar ta tsallake kwamfuta ta je ta kama ƙaramar sifikar da Mama ke jin labarai da ita.

"Malam, in kashe ni za ku yi ku faɗa mini in zauna tukuna."

Baba ya yi dariya har ya yi tari. Auta ba ta yi ba. Ta je ta kashe sifikar, ta dawo ta sake gwadawa, amma wayar da kwamfutar suka ci gaba da yi kamar ba su san juna ba. Ta karanta bayanin manhajar, ta ga cewa sigar da ke wayar Baba ta waifai kawai take aika kiɗa zuwa kwamfuta. Wato duk abin da ta yi tun safe aikin banza ne.

Ta koma waifai. Dole waya da kwamfuta su hau layi ɗaya, kuma akwatin intanet ɗin gidan layi biyu yake fitarwa masu suna kusan iri ɗaya. Kwamfuta tana kan ɗaya, waya tana kan ɗayan, ita kuma tsohuwar wayar ba ta ma ganin layin da kwamfuta take kai. Ta sauko da kwamfutar zuwa na wayar, sai ta nemi kalmar sirri. Yaya, babban wanta, shi ne ya saka ta kafin ya koma garin da yake aiki. Ta aika masa saƙo, bai duba ba. Ta kira, yana cikin taro. Ta ɗaga akwatin ta duba ƙasansa, ta tarar zafi ya cinye rubutun takardar.

Rana ta take kafin Yaya ya amsa. Kalmar sirrin sunan kyanwar da suka yi tun suna yara ce, ya ƙara da tambayar ko Baba ya sha magani.

Baba ya sha magani, ya ci abinci, ya yi gyangyaɗi ya farka, Auta tana nan a tebur. Yanzu duka biyun suna layi ɗaya, amma manhajar kwamfuta ta ce ba ta ga kowa ba. Ta saukar da wani ƙaramin shiri da aka ce shi ke zama gada tsakaninsu. Shirin ya ce sai an sabunta kwamfutar. Ta sabunta, kwamfutar ta mutu ta tashi, ta sake mutuwa ta tashi. Daga nan kuma katangar tsaron kwamfutar ta tare hanya, ta ɗauki wayar Baba a matsayin ɓarawo. Auta ta shiga lungu-lungu na saituna tana neman inda za ta ce mata ta bar shi ya wuce.

"Ke da kika ce kafin a gama shara," in ji Baba.

"Na sani, Baba."

"An gama shara, an gama girki, an kusa gama wanke-wanke."

"Na ce na sani."

Muryarta ta fi yadda ta so tashi. Mama ta dube ta daga ƙofar kicin, ta yi mata kallon da ta saba yi mata tun tana ƙarama. Auta ta sunkuyar da kai ta ce, "Yi haƙuri, Baba." Shi kuma ya juya ya kalli titi, inda wani mai tura kurar ruwa ke fama da tayarta da ta faɗa rami.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne wannan sana'arta ce. A situdiyo ita ake kira in abu ya ƙi. Ga shi a falon gidansu, a gaban mutumin da ya koya mata inda ake ajiye yatsa, ta kasa haɗa abu biyu da ke tsakanin taga da tebur.

Wajen la'asar sunan wayar ya bayyana a allon kwamfuta. Ta danna da sauri kamar zai gudu. Wani ɗan koren ɗigo ya kunna.

"Baba, taɓa ɗaya."

Ya taɓa. Sifikoki suka amsa da sautin babban fiyano, mai kauri, mai cika ɗaki. Baba ya gyara zama. Ya sake taɓawa, ya saurara har sautin ya mutu. Ya goge yatsunsa a riga, ya fara kiɗansa.

Bai yi nisa ba ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa.

"Wannan abin baya yake biyo ni."

Ita ma ta ji. Sai ya danna, ya kusa ɗaga yatsa, sannan sauti ya iso. Jinkirin ba shi da yawa, wanda bai san kiɗa ba ba zai ma lura ba, amma ga mai bugawa ya isa ya rikita shi. Yatsa yana nan, kunne yana can. Baba ya yi ƙoƙarin jiran sautin, sai kiɗan ya yi ta ja da baya har ya tsaya cak. Ya yi ƙoƙarin ƙin saurara, sai ya ɓata.

Auta ta rage wani adadi a saituna. Jinkirin ya ragu, amma sautin ya fara tsattsagewa kamar ana soya abu. Ta mayar. Ta ɗauko akwatin intanet daga kan firji ta kawo iyakar inda wayarsa ta lantarki ta kai. Ta roƙi Mama ta kashe bidiyon da take kallo a tata wayar. Ta sauke tata daga layin. Jinkirin ya ƙi zama wuri ɗaya, wani lokaci ya matso kusa har ta sa rai, wani lokaci ya yi nisa, maɓallai uku su taru su iso tare.

Baba ya ture farantin daga gwiwarsa, wayar ta zame ta tsaya a gefen kujera.

"Hannu ɗaya ya ƙi jin maganata, na haƙura. Yanzu wanda ya rage ma sai ya jira izinin na'ura. Rufe abin nan, Auta."

Ta rufe kwamfutar, ta naɗe wayoyin sifika, ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado. Tana jin Mama a falo tana cewa, "Malam, yarinyar nan tun safe ko ruwa ba ta sha ba." Ba ta ji amsar da ya bayar ba.

Ran Litinin ta ba Injiniya labari a wurin aiki, mutumin da ke kula da na'urorin situdiyon. Ya saurara yana cin biskit, ya ce waifai ɗin gida ba a yi shi don wannan ba, ta sayo wa tsohon sabuwar waya kawai ta huta. Ta ce ba zai karɓa ba. Ya ɗaga kafaɗa ya ce to ta sayo sabon uba. Ta harare shi, ya ba ta biskit.

Duk makon ba wanda ya ta da maganar a gida. Baba ya ci gaba da bugawa da ƙaramin sautin wayarsa, amma in ta shigo sai ya daina. Hakan ya fi faɗa yi mata ciwo.

Da Asabar ta zagayo, ta sake fito da kwamfutar ba tare da ta tambaye shi ba. Ta ɗauka tunda an haɗu sau ɗaya, yau dannawa ɗaya ce. Ashe a cikin makon manhajar wayar ta sabunta kanta, an kwashe maɓallan an canza musu wuri, wurin haɗawa ya koma ƙarƙashin wani hoto mai kama da kunnen zomo. Ta nemo shi, ta sake roƙon katangar tsaro, ta sake kashewa da kunnawa. Koren ɗigon ya dawo. Jinkirin ma ya dawo, bai ragu da komai ba.

Baba ya gwada layi biyu don kada ta ce bai gwada ba. Sannan ya ce, "Kashe mini waɗannan sifikokin. Gara in ji na wasan yaran, shi aƙalla ba ya makara."

Ta murɗe sautin sifikokin har ƙasa, ta kunna masa na wayar. Ta zauna ta dafe kai da hannu biyu. Shi kuma ya ci gaba da bugawa don kansa, da ɗan siririn sautin da ya saba.

Da ta ɗago, sai ta ga allon yana motsi. Ashe ba ta tsayar da ɗaukar kiɗan ba. Kowane maɓalli da ya danna yana isowa, yana zama ɗan gajeren layi a allon, ɗaya bayan ɗaya. A makare suke isowa, amma suna isowa, kuma shi ba ya jin makararsu tunda kunnensa na kan waya. Ta ji haushin kanta. Abu mai sauƙi haka, kuma ta kwana bakwai ba ta gan shi ba saboda ta nace sai ya ji babban fiyano a lokacin da yake bugawa.

Ba ta ko motsa kujera ba, don ta san in ta ce ana ɗauka zai daskare.

Ba ta taɓa jin ya buga shi haka ba. Haushin da ke ransa ya shiga yatsun, ba ya lallaɓa maɓallan, ba ya tsayawa gyara. Hannun hagun yana sauka ƙasa ya ɗauko kauri, ya haura sama ya ɗauko waƙar, ya dawo, yana aikin hannu biyu shi kaɗai. Mama ta fito daga ɗaki da zani a hannu tana ninkewa, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta ƙarasa ninkin ba. Ya wuce farkon, ya shiga tsakiya, wurin da kiɗan ke juyawa ya yi sanyi.

Sai wayar ta yi ƙara. Hoton Yaya ya rufe maɓallan. Koren ɗigon ya mutu.

Baba ya tsaya da yatsa a sama. Ya danna amsa, don bai iya ƙin amsa kiran ɗansa ba.

"Baba, ina wuni? Ya jiki? Na ce bari in ji ko kun samu kun haɗa abin nan."

"Jiki da sauƙi," in ji Baba. "Ga ƙanwarka."

Auta ta karɓi wayar. "Yaya, zan kira ka," ta ce, ta kashe tun kafin bakinta ya faɗi abin da zai sa a yi zaman sulhu. Ba laifinsa ba ne. Ita ce ba ta toshe kira ba, abin da take yi wa kowane mawaƙi kafin ya shiga ɗakin ɗauka.

Ta juya ta gaya wa Baba cewa kwamfuta tana ɗauka tun ɗazu. Ta ja layukan baya kaɗan don cire jinkirin, ta buɗe sifikoki, ta kunna masa. Babban fiyano ya cika falon da kiɗansa, yadda ya buga shi, har da wurin da yatsa ya ɗan goge maɓallin kusa. Baba ya rufe ido. Kiɗan ya hau, ya juya, ya fara yin sanyi, sai ya yanke a tsakiyar layi.

"Ina sauran?"

"Iyakar nan ya shigo kafin kiran."

Baba ya jawo farantin. "Toshe kiran. Mu sake."

Ta toshe, ta sake haɗawa, suka sake. Amma yanzu ya san ana ɗauka. Ya yi ta lallaɓawa, yana tsoron kuskure, kuskuren kuma yana zuwa. Wani karon ya kai ƙarshe amma ba rai a ciki. Wani karon waifai ya yi tuntuɓe ya haɗiye maɓallai. Wani karon batir ya yi ja, aka tsaya aka jingina wayar da kofi ana jira. Gajiya ta kama shi, Mama ta ce ya isa haka, ya ce saura ɗaya, ya yi ɗayan, ya fi na baya muni.

Washegari ma sun gwada, da Asabar ɗin da ta biyo baya. Bai sake buga shi kamar wancan karon ba, kuma shi da kansa ya fara faɗa. A ƙarshe Auta ta zauna ta zaɓi mafi dama a cikin ɗaukan baya, ta yanko rabinsa na biyu, ta haɗa da rabin farko na ranar da Yaya ya kira. Ta ɓata yamma guda a kan mahaɗar, tana matsar da maɓalli ɗaya gaba, tana rage ƙarfin wani, tana saurara da abin kunne har kunnuwanta suka yi zafi. Ta san dai rabin farko mutum ne mai fushi ya buga shi, na biyu kuma mutum ne mai taka-tsantsan, kuma ba saitin da zai mayar da su mutum ɗaya.

Ta kunna musu a falo. Mama ta ce ya yi daɗi ƙwarai, a tura wa Yaya da su Gwaggo. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce a maimaita. A karo na biyu, daidai inda kiɗan ke yin sanyi, ya ɗaga yatsa.

"A nan kika ɗinke."

"Eh, a nan ne."

"Ni ban ji komai ba," in ji Mama. "Ina ɗinkin yake?"

Baba ya sa aka mayar da shi baya kaɗan, ya sake saurarar wurin, ya ɗan yamutsa fuska.

"Tura musu haka," ya ce. "Amma kada ki goge wancan guntun. Ki ajiye mini shi daban, yadda ya yanke."

Auta ta ajiye shi daban, ta tura wa dangi cikakken, ta cire wayoyin sifika ta share teburin, don Mama na jira ta jera abinci.